Wa Ya Tambayi Mai Fayil Lafiyar Tayarsa da Sunana?

Masu karatu, kafin kowa ya yanke mini hukunci, ku bari in rantse tun daga farko: ban taɓa aika wa namiji saƙo ina tambayar lafiyar tayar motarsa ba. Shekarata ashirin da tara, ina da aikina, kuma ko soyayya za ta kashe ni, ba ta hanyar taya zan bi ba.

Ranar Asabar ce da hantsi. Ina zaune a tsakar ɗakina cikin tsohuwar rigar barcin da hannunta ɗaya ya ɓarke, ina tsefe kitson da ya kusa wata biyu, sai Mama ta turo ƙofa ko sallama babu. Rabon da in ga idonta yana ƙyalli haka tun ranar auren Yaya.

"Auta, tashi, kin yi baƙo."

"Mai kawo saƙo ne? Ya ajiye a bakin ƙofa."

"Mai kawo saƙo da takalmi sau-ciki? Tashi ki sa leshin nan ruwan zuma. Ashe haka kike, muna nan muna ta addu'a, ke kina can kina aikinki ta ƙarƙashin ƙasa."

Na tura rabin kitso da rabin tsifa cikin ɗankwali, na fito. A falo, kan kujerar da Mama ba ta taɓa yarda a cire mata leda ba, wani dogon mutum ne zaune a ɗofane, da tabarau da farar shadda wadda guga ta kama, ya ɗora shuɗin fayil a cinya. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda gidanta ke da layi uku tsakaninmu, har ta iso tana haki, mayafinta a karkace. Har yau ban san ta yaya labari ya riga mutumin zama ba. Baba kuma yana kusurwarsa da rediyo a kunne, kamar kullum.

Bayan gaisuwa baƙon ya ce shi mai haɗa magunguna ne a wani asibiti, kuma ya ga bai kamata a ci gaba da magana a waya ba tare da manya sun sani ba. Sai ya buɗe fayil. Saƙonni ne ya buga a takarda, kowanne da lambarsa da kwanan wata, guda ashirin da uku.

"Na farko," ya gyara tabarau. "Barka da hutawa. Yaushe rabonka da duba iskar tayar motarka?"

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ikon Allah, ga kulawa."

"Na tara. A riƙa shan ruwa kafin a ji ƙishi. Na sha huɗu. Mutumin da ba ya makara ya gama rabin aikinsa." Ya ɗago ya dube ni a kunyace. "Gaskiya ban taɓa haɗuwa da mace mai tunani irin wannan ba."

A raina na ce, ni ma haka.

Bari in mayar da ku baya kaɗan. Ni mai rubuta manhajar waya ce, a wani ƙaramin kamfani da ke da manhajar haɗa aure. Ku yi dariyarku, dangina sun riga ku: mai sayar da lema tana yawo cikin ruwa, in ji Gwaggo. Lokacin da za mu ƙaddamar da manhajar, Madam mai kamfanin ta ce kowane ma'aikaci ya buɗe shafinsa da hotonsa na gaskiya don gwaji. Akwai wani sashe da ni na gina da hannuna, sashen wakili, inda mai shafi zai sa danginsa su taya shi dubawa, har su aika gaisuwa a madadinsa. Na sa mutum huɗu: Mama, Gwaggo, Yaya da Baba. Na ɗora musu manhajar a wayoyinsu, na gwada, na ga tana aiki, na kashe sanarwar shafin, na manta da shi wata bakwai.

A tsarina na farko, duk saƙon da wakili ya aika zai fito da rubutu a sama cewa daga wakili yake. Madam ta sa na cire. "Namiji ba ya son ya ji da gwaggon yarinya yake hira," in ji ta. Na cire, na tafi cin abincin rana.

Da baƙon ya tafi, bayan ya ce zai dawo Asabar mai zuwa ya ji matsayinsa, na buɗe shafin nan. Jama'a, saƙo sittin da ɗaya aka aika da sunana, ga maza tara. Wani an ce masa na iya girki kala arba'in. Wani an tambaye shi ko gidan da ke bayansa a hoto nasa ne ko na haya. Takwas ba su tanka ba, Allah ya saka musu da alheri. Mai Fayil kaɗai ke ba da amsa, kuma ba ya tsallake ko ɗaya.

Na tsaya a tsakiyar falo da waya a hannu. "Wane ne?"

"Ni?" in ji Mama. "Da na iya abin nan ai da yanzu kina goye da na uku."

Gwaggo ta ce ita ba ta shiga abin da ba ruwanta, maganar da ta sa har Mama ta yi tari. Yaya, da na kira shi, ya ce yana da mata da 'ya'ya da ciwon baya, ina ya ga lokaci. Baba ya sauke rediyo ya ce, "Ni wayar nan ko ƙara mata sauti sai na nemi taimako."

"Ko ma wane ne ya yi, Allah ya yi masa albarka," Mama ta rufe zancen. Kafin la'asar har ta kira tela.

Ranar Litinin na shiga ofishin Madam. Tana zaune bayan teburin gilashi, da zobe a yatsu huɗu da turaren da ke riga ta shiga ɗaki. Ta saurare ni har na gama, sai fuskarta ta washe.

"Ma'aikaciyarmu ta samu miji a manhajarmu. Kin san tallan da wannan zai yi? Ki sa shuɗi ranar ɗaukar hoto."

"Madam, ba ni na rubuta ba."

Washewar ta ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ta ce mutumin nan cikakken mamba ne, in ya gane an yi wasa da hankalinsa ya hau intanet da fayil ɗinsa, sunan kamfani ya mutu. Dole a samu wanda za a nuna. In ba a samu ba, to ma'aikaciya ce ta yi wasa da abokin hulɗa, kuma na san hukuncin.

"Mako guda na ba ki. Ko ki kawo mini wanda ya yi, ko ki aure shi. Kuma kada ki rufe shafin, bar shi a buɗe ya zama tarko."

Na koma teburina kusa da taga, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa cikin bokitin fenti. Maƙwabcina a wurin zama shi ne babbanmu a aikin, muna ce masa Farfesa, domin ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya fara da tarihin agogo.

Ga yadda abin yake, a taƙaice. A irin rubutun da muke yi akwai kilas, akwai objek. Kilas kamar mazubin bulo ne, objek kuma kowane bulo da aka buga da shi. Wakili kilas ne guda ɗaya, amma Mama da Gwaggo da Yaya da Baba objek huɗu ne da suka fito daga cikinsa. Aikin da objek ke iya yi shi ake ce wa metod. Shafina yana da metod mai aika saƙo, kuma abu uku ne ke iya kiransa: maɓallin mai shafi, na'urar tunatarwa mai aiki da kanta, ko wakili. Da na duba rumbun bayanai, abin da aka adana kawai shi ne saƙo ya fita daga shafina. Wanda ya ba da umarnin, babu. Wa ya rubuta shi haka? Ni.

"Metod bai san wanda ya kira shi ba," in ji Farfesa, yana juya cokali a kofin shayi. "Ya san gidan da yake zaune, bai san wanda ya ƙwanƙwasa ba. Kuma a ƙa'ida, in har metod yana bukatar sanin mai kiransa, to tsarin ne ke da matsala tun daga tushe."

"Farfesa, tela ya riga ya auna ni."

"To sa ya buga sawu."

Wato duk lokacin da aka kira metod ɗin, ya rubuta jerin matakan da kiran ya biyo kafin ya iso gare shi. Layi biyu na ƙara, aka ɗora a ranar. Talata da ƙarfe bakwai da minti goma na safe saƙo na ashirin da huɗu ya tafi wa Mai Fayil: "Akwai alamar hadari yau. A fita da lema." Na isa ofis ko karyawa ban yi ba, na buɗe sawun. Ba maɓallina ba ne, ba na'urar tunatarwa ba ce. Kilas ɗin Wakili ne, layi na tamanin da bakwai.

"Na kama shi," na ce.

Farfesa ya leƙo. "Kin kama wa? Sawu yana gaya miki mazubi ne, ba ya gaya miki wane bulo. Su nawa kika sa?"

"Huɗu."

"To kin kama mutum huɗu."

Hanya ɗaya ta rage: a canja metod ɗin ya daina karɓar umarni sai mai kira ya miƙa kansa tare da saƙon. Akwai 'yar kalmar Turanci da objek ke nuna kansa da ita, this, kamar mutum ya ce ni ɗin nan. Sai na bi duk inda ake kiran metod ɗin a manhajar, wuri goma sha ɗaya, na sa kowa ya riƙa miƙa ta. Na gyara tara, biyu suka fasa wani sashen da ban taɓa ba tun bara. Farfesa ya dawo mini da aikin sau biyu, na farko saboda sunan da na ba wani abu bai yi masa daɗi ba. Sai Alhamis da yamma aka ɗora.

A gida kuwa harka ta yi nisa. Mama ta sauya labulen falo. Gwaggo ta fara kiran mutumin "ɗanmu". Shi kuma ya samu lambata daga Mama, ya turo mini saƙo kai tsaye: "Ina fatan an fita da lema. Ni na fita da tawa, na gode." Na rubuta amsa sau huɗu ina gogewa, a ƙarshe na tura masa hoton babban yatsa. Ya ce, "Yau kin gaji, na lura ba kya magana kamar kullum."

Juma'a tarko ya fara kamu. Ƙarfe goma, wakili na ɗaya, Mama, ta aika wa wani mai hoto a gaban jirgin sama cewa ni mai haƙuri ce kamar ƙasa. Sha ɗaya da rabi, wakili na biyu, Gwaggo, ta aika wa mutum uku saƙo iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Bayan azahar wakili na uku, mai ciwon baya, ya aika wa wani abokinsa: "Kai ka amsa mana, kana ba ni kunya." Mama kuwa, matar da ta kira tela, ashe tana neman na ko-ta-kwana. Na kira Gwaggo na karanta mata abin da ta rubuta da mintin da ta rubuta shi. Ta ce, "To laifi ne? Ai ba a zuwa rafi da tulu ɗaya."

Amma a cikinsu babu wanda ya aika wa Mai Fayil komai. Shi ne ma ya rubuto da yamma: "Shiru kwana uku. Lafiya dai?"

Ku da kuke karatu kun riga kun gane, na sani. Ni da nake cin abinci da gano kuskure, ƙin yarda na yi. Na ce rashin kama mutum ba shaida ba ce.

Asabar, bakwai da minti goma, wayata ta yi ƙara a kan madubi: saƙo ya tafi wa Mai Fayil. "Lafiya lau. Jiki ne sai a hankali. Allah ya kawo ka lafiya, a bi hanya sannu." A ƙasa, cikin rajistar da na gina da hannuna: wakili na huɗu.

Na same shi a bayan gida, inda tsohuwar motarsa ke tsaye a kan duwatsu shekara shida. Baba ya yi shekara talatin yana duba lafiyar motocin wani kamfanin sufuri kafin ya yi ritaya, kuma har yanzu kowace safiya sai ya goge motar nan da ba ta zuwa ko'ina. Yana sanye da singileti da wandon da gwiwarsa ta koɗe, wayar tana kan bonet.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Auta."

Na miƙa masa wayata. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya daɗe yana karanta layi ɗaya. Sai ya ninke tsumman hannunsa gida huɗu.

"Abin naku har da lamba yake bayarwa?"

"Tun shekaranjiya."

"Aiki ya yi kyau." Ya zauna a kan tsohuwar taya. "Ni dubawa na shiga yi, in ga irin mutanen da ke ciki, kada a kawo mana ɗan iska. Sai na ga yaron nan ya rubuta wai yana kula da tsohuwar motar mahaifinsa da ya rasu. Na ce bari in gwada shi. Na tambaye shi taya. Auta, ya ba ni amsa da lamba, gaba da baya."

"Da sunana, Baba."

"Ke kika ce mini zai nuna daga wakili ne. Ranar da kika sa mini, haka kika ce."

Gaskiyarsa. Haka na ce. Ban taɓa komawa na gaya musu an cire ba.

"Sai a na bakwai na gane, da ya ce mini ranki ya daɗe. Na so in daina. Na kwana biyu ban rubuta ba, sai ya tambaya ko lafiya." Ya kalli tsumman. "Ku a gidan nan in na tura abu a guruf, sai dai in ga an karanta. Yayanki wani lokaci ya turo hoton yatsa. Shi yaron nan ko ruwa na ce ya sha, sai ya dawo ya ce ya sha."

Na koma ɗaki na buɗe guruf ɗin gidanmu, na yi ta ja sama. A duba gas kafin a kwanta. An ce za a yi zafi gobe. Wa ya san inda aka ajiye sifana mai lamba goma sha biyu? Saƙon Baba, saƙon Baba, saƙon Baba, a tsakaninsu hoton atamfar da Mama ke tambayar ra'ayi a kai, da amsa goma sha bakwai a ƙarƙashinsa. Shida daga cikin amsoshin ni na rubuta su.

Ƙarfe huɗu daidai Mai Fayil ya iso, ko minti bai ƙara ba. Na riga Mama zuwa ƙofar gida, cikin baƙar abayar da nake zuwa kasuwa da ita. Na ga labulen falo yana motsi, kai biyu a bayansa.

"Malam, kafin ka shiga, akwai magana." Na gaya masa duka, tun daga shafin gwaji har zuwa wakili na huɗu. Ban rage laifina ba, na ce ni na cire rubutun da zai nuna masa gaskiya. Na ce in zai kai ƙara, ni zai kai, ba tsoho ba.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Idonsa ba tabarau ya fi kyau, ban san me ya kai ni lura ba.

"Shi ya sa," ya ce a hankali. "Na yi ta mamakin inda kika san ƙarar da injin ke yi in bel ya saki. Wato duk cikinsu babu naki ko ɗaya."

"Hoton yatsan nan nawa ne."

"Shi ne kaɗai bai yi mini daɗi ba."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa ya juya ya tafi. Har na tanadi kalaman ban haƙuri masu kyau tun safe. Sai ya mayar da tabarau ya ce, "Baba yana ciki?"

"Yana bayan gida."

"In babu damuwa." Ya raɓa ta gefena, ya bi lungun da ke tsakanin katanga da tankin ruwa, yana kare shaddarsa daga bango.

Mama ta fito da tire da kofunan da ba a taɓawa sai da dalili. "Ina ɗan namu?" Na nuna mata. Muka leƙa tare. Sun gaisa suna kallon ƙasa kamar waɗanda aka kama da laifi ɗaya, Baba ya ce wani abu da ban ji ba, mutumin ya girgiza kai yana murmushi. Minti biyar bayan haka ya naɗe hannun riga, an ɗaga bonet.

"To wannan wane irin zance ne?" in ji Gwaggo. "Wa ya zo nema?"

Ƙanƙarar lemo ta narke a tire. Ƙarfe biyar saƙon Madam ya shigo: "Farfesa ya ce tarko ya kama. Turo mini sunan, Litinin zan rufe asusunsa in rubuta wa mamba takardar ban haƙuri." Na rubuta "wakili na", na tsaya, na kalli kalmomin, na jefa wayar a aljihun abaya ba tare da na tura ba.

Masu karatu, ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Mutumin nan da na kwashe mako ina neman hanyar rabuwa da shi, ya yi awa ɗaya da rabi a gidanmu bai waiwayo ya dube ni ko sau ɗaya ba, kuma abin ya ci mini rai. Na fita bayan gida wai ɗauko tsintsiya. Na sake fita wai duba shanya, alhali babu komai a igiya. A karo na uku na tsaya a bayansu kawai, ina jin Baba yana dariya, irin dariyar da har na manta yana da ita.

Baba ya ɗago kai daga cikin injin, da baƙin mai a goshi.

"Auta, in ba riƙe mana tocila za ki yi ba, matsa, kina tare mana haske."

Mai Fayil ya miƙo ta ba tare da ya juyo ba.

Na karɓa.